Jawabi a Kan Mitar Wuta a Gidajenmu na Haya

 

Batunmu na yau mitar wuta ce, don ƙararrakin da ake kawo wa dattawa a kanta sun yi yawa.

Mu da muka tashi a nan Sabo ta Ibadan, ba mu manta da baƙar mitar nan ta zaure ba, mai faifai yana juyawa cikin gilashi. Zamanin NEPA ke nan, wadda aka kafa a 1972. Muna yara, da mun ga faifan ya zabura, mun san wani ya jona dutsen guga, sai mu ruga mu gaya wa Baba mai gida. In takarda ta zo ƙarshen wata, bayan sallar lisha zai zauna ya raba kuɗin: mai ƙwai ɗaya kaza, mai fanka kaza. Wanda kasuwa ta juya wa baya sai a ɗauke masa, ba mai ji.

A Ingila kuwa, a da, sule ake jefa wa mitar wuta da ta gas. Sule ya ƙare, ɗaki ya yi duhu, murhu ya mutu da tukunya a kai. To, ga jikarta ta iso mana. Mita mai kati ba ta san bashi ba, ba ta san "sai gobe" ba. Ka sayi lambobi 20 ka danna, in kuɗin ya ƙare wuta ta ɗauke, ko da jariri a ɗaki.

Nan rigimar take. Ɗaki goma, mita ɗaya. Wani ya kulle ƙofa ya kunna hita, wani sai an yi ta bin sa kafin ya biya, wani ya kira yaro ya zagaye mitar da waya. Jama'a, wannan sata ce, kuma neman gobara ne. In an kama mutum ɗaya, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi Hausawa ne.

Roƙonmu shi ne kowane gida ya naɗa amintacce guda, ya riƙe littafi, a tara kuɗi kafin mita ta fara kuka. Mai firji ya biya fiye da mai ƙwai ɗaya. Mara hali kuma a rufa masa asiri, yadda iyayenmu suka yi.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Wassalamu alaikum.