Mu kafa ƙungiyar tattalin tsofaffi a garinmu

Ga jawabin da wakilin ma'aikatar yaƙi da jahilci ya yi wa ɗaliban wata cibiya. Mun buga shi don a karanta a kowace cibiya.

 

Zancen tsofaffi ya kawo ni yau. A shekarar 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 1 ga watan Oktoba don tunawa da tsofaffi. Ranar tana zuwa sau guda a shekara, tsufa kuwa kullum yana gidajenmu.

Ku dubi garinmu bayan an sa hatsi rumbu. Samari sun tafi biɗa, wasu Najeriya, wasu Libiya, wasu Aljeriya ko Abijan. An bar mata da yara da tsofaffi. Ɗa yana aiko da kuɗi, Allah shi yi masa albarka. Amma kuɗi ba su jawo guga a rijiya, ba su gyara darni.

Bari in ba ku labarin gwaggona. Ta yi shekara 3 cikin ɗaki, ba ta gani. Duk muka ce tsufa ne. Aka fidda jikanyarta daga lakwal don ta riƙa ja mata sanda. Da muka kai ta gidan likita, ashe yana ce ta rufe idon. Aka yi mata aiki. Kashegari aka kwance idon, ta kira sunan kowa. Ta koma saƙar faifai, yarinya ta koma lakwal. Shekara 3 ɗin nan laifinmu ne, don babu wanda ya tambaya.

Tsoho ba ya son ya zama kaya. Yana son ya je masallaci da ƙafarsa, ya ba akuyarsa dusa da hannunsa. Gari yana iya taimakonsa ya tsaya haka.

Dubarar tana gidanmu. A shekarar 1991, cikin jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara aiki da mata a kan asusu. Sunan ƙungiyoyin Mata Masu Dubara. Mata suna haɗuwa kowane mako, kowacce ta zuba abin da aka yanke. Kuɗin suna cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo 3, makullan suna hannun mata 3. Daga nan wannan dubara ta bazu cikin ƙasashe da yawa. Abin da mata suka yi don sana'a, gari yana iya yinsa don tsofaffi.

A zaɓi mutum 5 ko 6, maza da mata, a sa tsofaffi 2 cikinsu. Ga aikinsu.

Na 1: kaye. Wannan aikinku ne, ku da kuka koyi rubutu. Ku shiga gida gida. Ku rubuta sunan kowane tsoho, da wanda yake kwana kusa da shi, da abin da yake damunsa: ido, ƙafa, abinci ko ruwa. Wanda ba shi da kowa, ku ja layi ƙarƙashin sunansa. Da shi za a fara.

Na 2: akwati. Kowane gida ya zuba dala 5 ko dala 10 a mako. A girbi, kowa ya ba da damin hatsi. Da wannan za a biya amalanke ko mota zuwa gidan likita, a sayi magani. Duk abin da ya shiga da abin da ya fita, a rubuta, a karanta gaban jama'a.

Na 3: awon jini. Hawan jini, wanda ake ce wa tansiyo, sau da yawa ba ya nuna alama. Sai mutum ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye. Ku shirya da likitan da ya fi kusa da ku, a sa rana guda a wata, a auna tsofaffi. Ku rubuta lambar a kaye. In ta kai 14 da 9, aka sake awo ba ta sauka ba, a bi maganar likita. Kada a bar shan magani don an ji sauƙi. A rage gishiri: ƙaramin cokalin shayi guda ya isa mutum a yini, har da na dunƙulen miya.

Na 4: ido. Yanar ido tana da magani. Aikin ba ya kai awa guda, kuma ba a sa mutum barci. Ana yinsa a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. Kada ku ba masu yawo suna soka tsinke cikin ido. Mutum yana ɗan gani da farko, daga baya ido yakan lalace, likita ma ya kasa gyara shi.

Na 5: ziyara da gayya. Kowane tsoho da yake shi kaɗai ya samu mai leƙa shi safe da marece. Samariya ta yi masa gayyar noma, ta gyara rufin ɗaki kafin damana. A kawar da igiya da turke daga hanyarsa, a ba shi tocila, don faɗuwa guda tana iya kwantar da tsoho har abada. In haƙori ya ƙare, a ba shi kunu da nono, da wake mai laushi, da miyar zogale.

Ku kula da bazara ƙwarai. A watan Afrilu na 2024 zafi ya wuce 48 a garin Kayes na ƙasar Mali. A babban asibitin Bamako an ƙidaya gawa fiye da 100 cikin kwana 4, da yawansu tsofaffi ne. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri. Kada ku jira ya roƙa. Ku aje masa tulu kusa, ku fidda shi inuwa. In zafin ya zo cikin azumi kuma ba shi da lafiya, liman yana nan, a tambaye shi.

Kada kuma ku hana tsoho motsi don tausayi. Jikin da ya zauna shi yake saurin mutuwa. Ku ba tsohuwa aron akuya irin habbanaye na Fulani: ta haihu, ta riƙe ƴaƴan, ta maido uwar, a ba wata. Ta samu nono, ta samu abin yi.

Su ma suna da nasu aiki. Su suka san iyakar gonaki. Su suke sasanta mata da miji. In yaro ya tambayi tarihin gari, wurinsu za ya je.

Jama'a, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin mu watse, ina son mutum 2 su ɗaga hannu, su karɓi kaye da biro. Ranar kasuwa mai zuwa zan dawo, mu karanta sunayen tare. Wanda yake da ƙarfi yau ya tuna, wata rana sunansa za a rubuta.

Allah shi ba iyayenmu lafiya, shi ba mu damana mai albarka.