Hasken Rana a Cikin Ɗaki: Jawabi ga Masu Gida da Magina

Jama'a, duk wanda ya shiga unguwar Jambutu ta Jimeta, a Jihar Adamawa, da tsakar rana zai tarar da rana tana ƙwallewa a waje, amma ɗakuna da yawa duhu ne a ciki. Mai gida ya ƙanƙanta taga, ko ya toshe ta da kwali, don tsoron zafi da ƙura da ɓarayi. Tsoron nan yana da dalili, gama a watannin Maris da Afrilu zafin Yola yakan wuce digiri 40. Amma toshe taga ba shi ne magani ba.

Ɗaki mai duhu yana cin kuɗi, domin sai an kunna fitila da rana. A shekarar 2024, da aka lalata turakun babban layin lantarki na Jos zuwa Gombe, mutanen Yola sun yi kwanaki babu wuta, kuma mai taga mai kyau bai rasa haske da rana ba. Ɗaki mai duhu yana cin lafiya kuma. Ƙwayar tarin fuka takan daɗe a iskar ɗakin da yake rufe, alhali hasken rana yana kashe ta, iska kuma tana fitar da ita. Ga shi Jambutu tana kusa da kogin Binuwai, inda damshi yake kama bango da damina, sauro kuma yana son lungu mai duhu.

Dabarar ita ce a san inda za a sa taga. Ta yamma ita ce mai kawo zafi, don ranar la'asar tana shiga ta cikinta kai tsaye. Tagar arewa da ta kudu suna ba da haske ba tare da zafi mai yawa ba, muddin bakin rufi ya zarce bango ya yi musu inuwa. In ba makawa sai ta yamma, to, a yi mata rumfa ko a dasa darbejiya a gabanta. Girman tagogi kada ya gaza kashi 1 cikin 10 na faɗin daɓen ɗaki. A ɗaga su sama don sutura, a sa ƙarfe saboda ɓarawo, da raga saboda sauro.

Bayan wannan, a shafe bangon ciki da farar ƙasa ko farin fenti, domin fari yana mayar da haske, baƙi kuwa shanye shi yake yi. Da hunturu a riƙa goge gilashi da raga, don ƙura tana rage haske.

Wanda ɗakinsa ya matse tsakanin gine-gine ma yana da mafita. A shekarar 2002 wani makanike a ƙasar Burazil, Alfredo Moser, ya cika gorar roba da ruwa da ɗan bilic, ya soke ta a rufin kwano, sai ta haskaka ɗaki kamar ƙwan lantarki. Sai dai lalle a liƙe bakin hudar sosai don kada ta yi yoyo.

Saboda haka, kafin magini ya aza tubalin farko, ya kamata shi da mai gida su tsaya a filin su duba mafitar rana da mafaɗarta, sannan su yanke wurin taga.