Mutum-mutumi a Ɗakin Tiyata da Ƙodar Ɗan Masunci a Yauri



Kowace ƙoda tana da ɗan mazurari inda fitsari ke taruwa kafin ya bi siririn bututu ya gangara mafitsara. Idan mahaɗar nan ta tsuke, galibi tun daga haihuwa, sai fitsari ya kwanta, ƙoda ta kumbura, namanta ya yi ta sirancewa har ta daina aiki. An san gyaran tun 1949, lokacin da Anderson da Hynes a Ingila suka nuna yadda ake yanke wurin da ya tsuke a sake ɗinke bututun. A 1993 aka fara yin aikin ta 'yan ƙananan huje-huje a ciki. Bayan Amurka ta amince da na'urar da Vinci a 2000, likita kan zauna gefe yana kallon ƙodar a madubi, yatsunsa na juya hannuwan ƙarfe da ke riƙe da allura. Ɗinki ya yi sauƙi, zafin ciwo ya ragu, ana sallamar majinyaci da wuri. Sai dai duk hanyoyin uku nasararsu ta haura kashi 90 cikin 100. Jinya injin ya sauƙaƙa, ƙodar da ya ceto wuƙar likita ma za ta ceto ta, kuma kuɗinsa ya kai wajen dala miliyan biyu.

Mu a nan Yauri damuwarmu ta riga ɗakin tiyata. Tafkin da madatsar Kainji ta haifar a 1968 matattarar dodon koɗi ne mai ɗauke da tsutsar tsargiya. Ƙwayayenta kan maƙale a bangon mafitsara da ƙarshen bututun, su bar tabo, hanya ta toshe daga ƙasa, ƙoda ta kumbura kamar dai a wancan ciwon. Yaron da ke wanka a bakin ruwa a Ngaski ko Shanga yakan ga ɗigon jini a ƙarshen fitsarinsa, gida kuwa ba a ɗauke shi ciwo ba, tunda sa'o'insa duka haka suke. Shekaru na tafiya, ƙoda na lalacewa shiru. Ƙwayar praziquantel mai arha tana kashe tsutsar, sikanin ciki na 'yan mintoci yana nuna kumburin, ko daga sama toshewar take ko daga ƙasa.

Wani zai ce fifita magani da sikanin a kan injin koyar da talaka haƙuri da koma-baya ne. Ƙorafin yana da nauyi, domin ɗan masuncin Yauri bai fi ɗan Landan jure zafin yanka ba. Ina goyon bayan a samu injin, amma guda ɗaya, a cibiyar ƙoda da mafitsara ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, inda majinyata za su wadata har hannun likitoci ya faɗa, kuma a tanadi lantarki da masu gyara. Babban Asibitin Yauri kuwa a fara ba shi na'urar sikanin mai aiki, ƙwararren mai karanta ta, magani ga makarantun bakin tafki duk shekara, da motar da za ta kai yaro Birnin Kebbi ko Sakkwato tun ƙodarsa na da sauran aiki.