AMSOSHIN WASIƘUNKU: ME KE CINYE WUTSIYAR TARWADA A TANKI?

Yau za mu fara da wasiƙar wani manomi daga wajen Zariya. Ya ce kuɗin masarar da ya sayar bara ya haɗa ya gina tankin siminti, ya zuba 'ya'yan tarwada 500. Yanzu watansu biyu, sai ya ga wutsiyarsu da fiffikensu suna zagwanyewa, bakin wurin ya yi fari, kullum safiya yana kwashe matattu huɗu ko biyar. Maƙwabcinsa ya ce ya farfasa kafso ya zuba a ruwan. Yana tambaya, ya zuba ko kada ya zuba?

To Malam, Allah ya tsare sauran. Amsa a taƙaice ita ce kada ka zuba tukuna. Ka fara sanin abin da ke damun kifin, domin abu uku ne ke lalata fiffiken kifi, kuma kowanne da maganinsa.

Kamo guda biyu ko uku, ka sa a farin bokiti da ruwan tankin, ka duba da rana tsaka. Idan ka ga fiffiken ya yage ne kamar an tsaga ƙyalle, bakin tsagar fes, ba fari ba ja, kifin kuma yana iyo yana cin abinci, wannan rauni ne. Ko dai 'yan'uwansa suka cije shi, ko koma ta yaga shi, ko kuwa ya gogu da kaushin siminti. Tarwada fa tana cin 'yar'uwarta. In ka haɗa manya da ƙanana wuri ɗaya, manyan za su riƙa gutsurar ƙananan, musamman in abinci bai ishe su ba.

Idan kuwa bakin fiffiken ya yi fari ko toka-toka, ya yi zare-zare, gindinsa ya yi ja, kullum yana ƙara gajarta, gashin bakin kifin ma yana guntulewa, to wannan ruɓewar fiffike ce. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke cin naman. Bisa ga bayaninka, Malam, ita ce ta kama kifinka. Na uku shi ne ka ga wani abu fari kamar auduga ya tsiro a kan ciwon. Wannan fumfuna ce, takan hau wurin da ya riga ya ji rauni, kuma ta fi yawa da hunturu in ruwa ya yi sanyi.

Yanzu sai mu tambayi kanmu, daga ina cutar ta zo? Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Ƙwayoyin nan kusan kullum suna cikin ruwan kifi, amma ba sa iya kama lafiyayyen kifi, saboda yauƙin da ke jikinsa garkuwa ce. Sai ruwa ya ɓaci suke samun ƙofa. Kashin kifi da ragowar abincin da ya nutse suna ruɓewa a ƙasan tanki, su fitar da wata guba da ake kira amoniya, wadda ke ƙona fatar kifi da inda yake numfashi. Abin da ke yaudarar mai kiwo shi ne tarwada tana iya tasowa ta shaƙi iska a sama, saboda haka takan daɗe a ruwan da karfasa ba za ta kwana ciki ba. Ka ga ba ta mutu ba, ka zaci lafiya lau, alhali tana shan wuya. Sunkuya ka shinshina ruwan. In yana wari, ko yana kumfa, ko kifin suna rataye a saman ruwa kai sama wutsiya ƙasa, ka sami bakin zaren.

Ga abin da za ka yi, bi da bi. Da farko tsayar da abinci kwana ɗaya ko biyu. Yunwar kwana biyu ba ta kashe tarwada. Sannan ka buɗe bututun ƙasa ka zubar da kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin ruwan, dattin ya fita, ka cika da sabo a hankali. Haka za ka riƙa yi kullum har mako guda. In ruwan famfo ne, bari ya kwana biyu a buɗaɗɗen duro tukuna, saboda maganin da ake sa masa yana cutar da kifi. Matattun ka kwashe da wuri ka binne, kada sauran su ci. Waɗanda ciwon ya yi wa yawa ka ware su a baho dabam.

Sai maganin farko, wato gishirinmu na miya. Ma'auninsa giram 2 a kowace lita, wato kilo 2 a ruwa lita 1,000. Yadda za ka san yawan ruwanka kuwa, auna tsawon tankin da faɗinsa da zurfin ruwan da mita, ka ninka su, sannan ka ninka da 1,000. Misali, tanki mai tsawon mita 2, faɗi mita 2, ruwa zurfin mita 1, lita 4,000 ke nan, gishirinsa kilo 8. Narkar da shi a bokiti kafin ka zuba, ka watsa ko'ina. Ka tuna gishiri ba ya bin iska ya tafi. In ka canja rabin ruwa, rabin gishirin kawai za ka mayar. Waɗanda ka ware kuma, yi musu wanka mai ƙarfi: giram 200 a bokiti mai lita 20, minti 20, kana tsaye a kansu. Wanda ka ga ya fara kifewa, maza ka cire shi ka mayar ruwa mai daɗi.

Kanwa fa ba gishiri ba ce. Kada ka kuskura ka zuba ta, domin tana ƙara wa gubar amoniya ƙarfi ne.

In ka yi haka kwana uku zuwa biyar mutuwa ba ta ragu ba, ko ka ga gyambo ya buɗe a jikin kifin, ko cikinsu ya kumbura, to cutar ta shiga jini, gishiri ba zai kai can ba. Nan ne za ka ɗauki marasa lafiya biyu da ransu, da ruwan tankin a kwalba, ka kai wa likitan dabbobi ko malamin kiwon kifi na ma'aikatar gona. Na kusa da New Bussa a Jihar Neja suna da cibiyar binciken kifi ta ƙasa a can. Likita ne zai auna maganin daidai da nauyin kifin, kuma a abinci ake cuɗa shi, a ba su kwana goma ba fashi. Bayan an gama, a jira aƙalla kwana 21 kafin a sayar ko a ci. Wanda ya farfasa kafso a ruwa da ka, ya yi asarar kuɗi, ya koya wa cutar jure magani, sannan ya ciyar da mutane ragowarsa. Akwai kuma wani koren magani mai suna malakayit da wasu ke sayarwa; ƙasashe da yawa sun hana sa shi ga kifin ci, saboda ana danganta shi da ciwon daji. Ka guje shi.

Labari mai daɗi shi ne fiffike yana sake tsirowa muddin ruɓar ba ta kai gindinsa ba. Cikin 'yan makonni za ka ga sabon baki siriri mai haske yana fitowa. Daga nan sai kiyayewa: ka riƙa tace kifin kana raba manya da ƙanana duk bayan mako biyu suna ƙanana, ka ba su abincin da za su cinye nan take, komarka ka wanke da ruwan gishiri ka shanya a rana, kada kuma ka ari ta maƙwabci.

Akwai wata Hajiya mai shago a Kano da ta aiko da irin wannan tambaya game da jajayen kifin ado da take ajiye a akwatin gilashi. Hajiya, cutar ɗaya ce, dalilin ma ɗaya. Ki riƙa canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako, ki rage abinci, ki ware mai cizo. Gishirinki giram 1 a lita ya isa, kuma a wani mazubi dabam in akwai ganye a akwatin. Kada ki wanke gilashin da sabulu.

Malam na Zariya, muna jiran wasiƙarka mu ji yadda aka kwana. Allah ya mayar maka da abin da ka rasa, ya sa albarka a sauran. Jama'a, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.