Allurar da Aka Yi wa Jariri Tana Biye da Shi har Ɗakin Majinyata

 

A shekarar 2004 ne Nijeriya ta shigar da allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B cikin jerin alluran yara. Jariran da aka goya zuwa asibiti a wancan lokaci, yanzu wasunsu ɗalibai ne a makarantun koyon aikin jinya da ungozoma. Su ne ke ɗibar jini, su ne ke karɓar haihuwa. Ƙwayar wannan cuta kuwa ta jini take bi, kuma tana iya kwana bakwai da ranta a busasshen jini. Allura guda ta soki yatsan ɗaliba bisa kuskure, ta wadatar.

Shi ya sa iyaye ke tambaya: allurar jarirantaka tana da sauran ƙarfi bayan shekara 20?

Tana da shi, da yardar Allah. Wani lokaci akan gwada jinin ɗalibi a ga alamar garkuwa ta yi ƙasa ƙwarai, sai uba ya ce ashe aikin banza aka yi. A'a. Jiki ba ya mantuwa da abin da aka koya masa. Kamar almajirin da ya haddace ya daɗe bai yi tilawa ba, da an ɗauko masa farkon aya sai ya zarce. Idan aka ƙara wa irin wannan ɗalibi allura ɗaya, galibi garkuwar takan taso cikin 'yan makonni. A Alaska ta ƙasar Amurka an bi sawun waɗanda aka yi wa allurar tun 1981, bayan shekara 30 aka tarar kusan kashi 90 cikin 100 suna da kariya.

Malamai sukan tambaye ni abin da ke cikin kwalbar, kuma haƙƙinsu ne. Ba a yin ta da jinin mutum. A cikin yis ake sarrafa ta, dangin wanda ake kwaɓa burodi da shi.

Damuwata tana ga waɗanda ba a yi musu ba, ko aka fara ba a ƙarasa ba. Jaririn da ya kamu wajen haihuwa, tara cikin goma cutar takan zauna masa har girma, tana cin hanta a ɓoye. Don haka a kai shi cikin awa 24 da haihuwa, kada a jira suna. Sannan a sati 6, 10 da 14. Ɗalibin da ba shi da katin shaida kuwa, a gwada jininsa, a yi masa allura uku cikin wata shida, tun kafin a tura shi ɗakin majinyata.