Ƙaura da Tsohuwar Manhaja Daga Babbar Kwamfuta



Ranar 7 ga Afrilu, 1964, kamfanin IBM ya fito da kwamfutocin System/360, kuma jikokinsu, waɗanda ake kira menfirem, su ne har yau ke riƙe da lissafin manyan bankuna da ofisoshin haraji a ƙasashe da dama. Galibin manhajar da ke kansu da COBOL aka rubuta ta, harshen da aka tsara a 1959. Abin da nake so in kafa a yau shi ne, wanda ya kwashe irin wannan rubutu ya kai wata na'ura, mafassarin harshen ya karɓa bai yi ƙorafi ba, bai gama aiki ba. Farawa ya yi.

Dalili kuwa, rubutun yana ɗauke da ɗabi'ar gidan da aka haife shi. Layin COBOL na gargajiya gurbi 80 ne, gadon katin kwali mai huji: shida na farko lambar layi, na bakwai alama, umarni ya tsaya a na 72, abin da ya wuce nan mafassari ba ya ko kallo. Idan layi ya ɗan goce wajen kwashewa, wutsiyar umarni ta faɗa gurbi na 73, an yanke ta ke nan. Wani lokaci mafassari zai yi kuka, wani lokaci sauran jimlar ta tsaya da ƙafarta da wata ma'ana dabam, kuma wannan ya fi muni.

Sai batun haruffa. Menfirem da EBCDIC take rubutu, kwamfutocinmu na tebur da ASCII ko Unicode. Sauya wannan zuwa wancan abu ne mai sauƙi, amma jerin ya bambanta: a EBCDIC haruffa ne ke gaban lambobi, a ASCII lambobi ne ke gaba. Ke nan manhajar da ke jera asusun ajiya za ta fassaru lafiya lau, ta yi aiki, ta fitar da jerin da ba shi ne na jiya ba. Haka adadin kuɗin da aka dunƙule da tsarin COMP-3, lamba biyu a ƙwayar bayani ɗaya. Aka kuskura aka aika fayil ɗin a matsayin rubutu, sai mai sauya haruffa ya dagula lambobin, babu mai ce maka uffan.

Wani zai ce, to me ya sa ba za a watsar da tsohon a rubuta sabo da harshen Java ba? Tambaya ce mai kyau, kuma an yi. Commonwealth Bank na Ostireliya ya sauya ginshiƙin tsarinsa, aikin ya ci shekara biyar da sama da dalar ƙasar biliyan ɗaya. Tsadar ba ta rubutu ba ce kawai. Dokokin riba da tara da aka yi ta cusawa shekara da shekaru, sau da yawa babu inda suke sai cikin rubutun nan, masu rubutun kuma sun yi ritaya. A Afrilun 2020 gwamnan New Jersey, Phil Murphy, sai da ya fito yana cigiyar masu COBOL, lokacin da masu neman tallafin rashin aiki suka fi ƙarfin tsarin jihar.

Saboda haka ma'aunin da na yarda da shi ɗaya ne: a ɗora wa tsohuwar na'ura da sabuwa bayanan rana guda, a gwada abin da suka fitar layi da layi, a maimaita a ƙarshen wata da ƙarshen shekara, lokacin da sassan da ba a cika taɓawa ba suke farkawa.