Shinkafa ɗanya, a dafa ta a ina?



Kun tuna ambaliyar Maiduguri, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta fashe a Satumbar 2024. Mutanen Gwange da Fori sun fito daga su sai kayan jikinsu, da yawa suka ƙare a sansanin Bakassi. Tukwane, murhu, gawayi, duk ruwa ya ci, itacen ma ya jiƙe sharkaf.

To, a irin wannan hali sai ka ga masu tallafi sun sauke shinkafa da taliya, an ɗauki hoto, an tafi. Don Allah, uwa mai 'ya'ya biyar ta dafa a ina? Iyakarta ta jiƙa garin kwaki da ƙuli-ƙuli. Shi ma fa sai da ruwa mai tsafta, ga shi kwalara ta ɓulla a Borno bayan ambaliyar.

Kwanakin farko dafaffen abinci ake buƙata. A ɗora manyan tukwane, matan sansanin su girka, a biya su. Bayan nan, 'yan ƙungiya, duk buhun da za ku kai, ku haɗa da tukunya, kurfoti, gawayi, ashana da jarkar ruwa.